Tsibirin da Ba Shi da Maƙwabci

Ran Asabar muna komawa Samaru daga kasuwar Sabon Gari, ni da jikana, sai ga wani ɗan jirgi na Makarantar Koyon Tuƙin Jirgin Sama ya taso daga Palladan. Yaron ya ɗaga kai ya ce, "Kaka, in mansa ya ƙare a sama, ina zai tsaya ya sha?" Direba ya yi dariya. Ni kuwa ban yi ba, gama kowane ɗalibin makarantar nan, wadda aka kafa a 1964, sai ya san amsar kafin a ba shi lasin.

Ga yadda dokar jiragen fasinja take. Jirgi ba ya tashi da man tafiyarsa kaɗai. Akan ƙara masa biyar bisa ɗari saboda iska mai gāba, da man da zai kai shi wani fili dabam in an rufe wanda ya nufa, sa'an nan da na kewaya rabin sa'a a sama, wanda ba a taɓa shi sai dole. Mu nan mun san amfanin wannan. In hazo ya rufe Kano, ai sai jirgi ya karkata Abuja ko Kaduna, fasinjoji su yi ta gunaguni, amma dai kowa ya kwana da ransa.

To, tsibirin da ke tsakiyar teku fa? Ba shi da Kaduna. Ku dubi Sent Helena, wadda take wajen mil 1,200 daga gaɓar Afirka. Filin da ya fi kusa da ita yana tsibirin Asenshon, mil 800. Sai a 2017 jiragen fasinja suka fara zuwa can daga Johannesbag, sukan kuma yada zango a Namibiya su sha mai. Ba a cika kujerun duka, domin nauyin mutum da na mai sikeli ɗaya ne.

Wurin da ba shi da maƙwabci, doka ta ce jirgin jet ya isa da sauran man tafiyar sa'a biyu. Kafin a tashi kuma matuƙi yakan lissafta wani wuri a hanya, watau inda in ya wuce, mai ba zai ishe shi juyawa ba. Kafin ya kai wurin sai ya nemi labarin sararin tsibirin. In babu kyau, ya juya, ko da fasinjoji sun yi mako suna jiran tafiyar. A ganina nan ne aikin ya fi wuya, gama juyawa da mutane ba ta da daɗi.

A Nuwamba 2009 wani jirgin ɗaukar marasa lafiya ya tashi daga Samowa zuwa tsibirin Nofok, gabas da Ostiraliya, ba a cika masa tankuna duka ba. Ya isa da dare, gajimare ya rufe fili. Sau huɗu matuƙin ya gwada sauka bai ga ƙasa ba, ba kuma man zuwa wani wuri. Sai ya sauke jirgin a kan teku cikin duhu. Mutum shida ne a ciki, aka tsamo su duka da rai.

Da na gama ba jikana labarin muna daidai ƙofar jami'a, sai ya leƙa gaban direba ya ce, "Baba, allurar manka ta kwanta."