Jinjina ga likitocin Negrar, amma da sauran aiki

A garin Negrar da ke arewacin Italiya akwai asibitin Sacro Cuore Don Calabria, inda Dakta Zeno Bisoffi da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna bin sawun wata tsutsar ciki mai suna Strongyloides. Sun cancanci jinjina, domin da yawa daga masu ɗauke da ita a Turai 'yan ci-rani ne, mutanen da ba kasafai ake tsayawa a saurari ciwon cikinsu ba.

Tsutsar tana shiga ta fatar ƙafa idan an taka ƙasar da kashi ya gurɓata. Yawancin tsutsotsin ciki kan mutu da kansu bayan mutum ya bar inda ya kwaso su. Ita kuwa a cikin hanji take hayayyafa, 'ya'yanta su huda bangon hanjin su sake zagayowa, haka nan har tsufa. Sojojin Ingila da Japan ta tsare a yaƙin duniya na biyu, an same ta a jikin wasunsu a Libaful fiye da shekara 30 da komawarsu gida. Alamunta kuma ba su taka kara sun karya ba: ɗan ƙaiƙayi, ɗan tari, gudawa jefi-jefi, wani ma babu komai. Gwajin kashi sau ɗaya yakan fito lafiya lau alhali tana nan kwance. Gwajin jini ne ya fi kama ta.

Ranar da aka ba mai ita maganin da ke danne garkuwar jiki, ranar take nuna halinta. Sai ta bazu zuwa huhu, ta ja ƙwayoyin cutar hanji zuwa cikin jini, kuma sau da yawa rai ke salwanta. An ga haka a 2020, lokacin da ake ba masu korona deksametazon.

Abin takaicin shi ne maganin na nan, ba shi da tsada. Ibamektin ne, wanda mutanenmu suka sani da Mectizan da ake rabawa saboda makantar rafi. Binciken da likitocin Negrar suka jagoranta, aka wallafa a 2019, ya nuna sha ɗaya ya wadatar ga wanda garkuwarsa ke lafiya. Tun 2018 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a riƙa gwada baƙin da suka fito daga ƙasashen da tsutsar ta yi yawa.

To, amma shawara a takarda ba ta tambayar marar lafiya, "A ina ka taso?" Likitan unguwa ne zai yi wannan tambayar kafin ya rubuta magani, kuma shi ne har yanzu ba a kai wa labari sosai ba. Yaron da ya bi ta Agadas da Libiya, ba shi da takardu, tsoron asibiti yake kamar ofishin 'yan sanda. Sai an raba gwaji da binciken takarda kafin ya zo. Kada kuma a ce a ɗura wa kowa magani a huta: wanda ya fito daga dazuzzukan Kamaru ko kudancin Najeriya yana iya ɗauke da tsutsar ido, Loa loa, kuma idan ta yi yawa a jini ibamektin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Shi sai an fara duba jininsa tukuna.