Motar Ma'aikaci Da Wurin Zamansa

Ma'aikacin da ya ci rancen mota, sa'an nan aka tura shi aiki Ikara, Makarfi ko Kudan, ya yi sa'a ta wani fanni. Tsatsar da ke cinye ƙarƙashin mota a Ikko, saboda laima da gishirin iskar teku, ba ta da ƙarfi a nan, domin rani yakan ɗauki fiye da rabin shekara. Wannan yana cikin dalilan da suka sa har yau akan ga tsofaffin Peugeot 504 na kamfanin Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, suna ta jigila.

Amma kuma ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin Maris da Afrilu yana kashe batir, ya busar da taya. Da damina kuwa, lakar hanyoyin fadamun rake takan manne a ƙarƙashin mota ta riƙe danshi, in ba a wanke ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne ma'aikatan da suka zauna Zariya suna zirga-zirga kullum. Mota tana tsufa kafin a gama biyan bashinta, mai ita yana makara, talaka yana jira bakin ofis.

Ba laifinsu ba ne su kaɗai, gama gidan haya mai kyau yana wuya. Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin nan uku su gina wa ma'aikata gidaje, kowanne da rumfar ajiye mota.