Daidai ruwa, daidai tsaki: a ɗaura wa jirgi injin da ya dace da shi

Duk lokacin da jirgi ya kife a Tafkin Volta, maganar da ake yi ba ta wuce lodi fiye da kima da rashin rigar ruwa. Gaskiya ne, amma akwai matsala ta uku da ba a cika ambata ba, wato injin da ake ɗaura wa jirgin.

Idan ba a manta ba, dam ɗin Akosombo da aka kammala a 1965 shi ya haifar da wannan tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, kuma ruwan ya shanye dazuzzuka ba tare da an sare itatuwansu ba. Har yau kututturan suna nan a ƙarƙashin ruwa suna jiran jiragen da ke jigilar doya, kifi, dabbobi da mutane tsakanin Yeji, Makango, Kete Krachi da Dambai.

A irin wannan ruwa, gudu ba abin alfahari ba ne. Idan gudun jirgi ya ninka biyu, ƙarfin karonsa da kututture yana ninka huɗu. Duk da haka sai ka ga mai ƙaramin kwale-kwale, wanda inji mai doki 15 ya ishe shi, ya ɗaura mai doki 40 don kada a wuce shi. Na farkon nauyinsa bai kai kilo 40 ba, na biyun kuwa ya haura kilo 70. Wannan nauyi yana danne bayan jirgin, goshinsa ya ɗaga, matuƙi ya daina ganin gabansa, igiyar ruwa kuma ta riƙa shigowa ta baya. Girgizar injin tana kwance ƙusoshi, tana tsaga katakon da aka ɗaure shi a kai. Ga kuma shan mai, domin mai doki 40 yana iya shanye kusan lita 20 a awa guda idan an buɗe masa wuta.

Ƙaramin inji a babban jirgi shi ma hatsari ne. Idan hadari ya taso a tsakiyar tafki, jirgin da ba shi da ƙarfin fuskantar iska sai ya juya mata gefe, daga nan kuwa sai yadda Allah ya yi.

A Amurka, tun shekarun 1970 doka ta tilasta wa masu ƙera ƙananan jirage su liƙa allon da ke nuna iyakar ƙarfin inji, nauyin kaya da yawan mutane. Namu jiragen kafintoci ke haɗa su a bakin ruwa, babu allo babu takarda.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Ghana, wadda aka kafa da dokar 2002, da ta auna kowane jirgi lokacin rajista, ta rubuta iyakar dokin injinsa a jikinsa da fenti, inda fasinja zai gani. Ƙungiyoyin masu jirage su hana wanda ya saɓa yin lodi a tasha. Kafintoci da dillalan inji kuma su ji tsoron Allah, su faɗa wa mai saye gaskiya ko da cinikin zai ragu.

Mu fasinjoji kuwa, in mun ga bayan jirgi ya nutse tun kafin a tashi, mu haƙura mu jira na gaba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.