Kafin Ƙamus Ya Buɗe: Auna Lokacin Tashin Manhajojin Hausa a Wayoyin Rano da Kibiya

Ma'aunin da masana suka saba ɗora ƙamusun Hausa a kansa bai canza sosai ba tun daga aikin Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006: yawan kalmomi, ingancin ma'ana, nuna karin sauti da tsawon wasali, da yadda aka bi da bambancin karin harshe. Wannan ma'auni ya wadatar muddin ƙamus yana kan takarda, domin littafi ba ya sa mai shi jira. Yanzu da ƙamus da littattafan karatu suka soma komawa cikin waya, wata tambaya ta shigo wadda ba a saba yi ba a sassan nazarin Hausa: daga lokacin da ɗalibi ya taɓa alamar manhaja zuwa lokacin da zai iya neman kalma, sakan nawa ne ke wucewa, kuma a wayar wa aka auna? Ya kamata duk sashen da zai sa hannu a kan irin wannan aiki ya nemi amsarta a rubuce, da alƙaluma, kafin ya amince.

Hanyar samun amsar ba ta da wuya. Tashin manhaja jerin ayyuka ne: waya ta buɗe mata wuri a ƙwaƙwalwa, ta ɗauko umarninta daga ma'ajiya, ta loda salon haruffa, ta buɗe rumbun kalmomi, ta zana shafin farko, sannan akwatin bincike ya soma karɓar rubutu. Mai gina manhajar yakan dasa alama a kowace gaɓa, manhajar kuma ta rubuta sunan gaɓar da lokacin da ta kai gare ta a cikin wani ɗan kundi. Idan aka ɗebe lokacin wata alama daga na mai bi mata, sai a ga inda jinkirin ya ɓuya. Tsarin Android da kansa, tun daga samfurin 4.4 na shekarar 2013, yana rubuta tsawon lokacin da manhaja ta ɗauka kafin ta nuna shafinta na farko. Sai dai wannan adadi yana iya yaudarar mutum, domin shafin farko kan zama fanko, suna da tambari kawai. Lokacin da manhajar ta zama abin amfani, sai mai gina ta ya sa ta sanar da shi da kanta, kuma wannan alama ta biyu ita ce ta shafi ɗalibi.

Kamfanin Google ya kasa tashin manhaja gida uku, da sunayen da direban mota zai gane nan take a safiyar hunturu: tashin sanyi, na ɗumi da na zafi. Na sanyi shi ne wanda manhajar ke farowa daga tushe, babu komai nata a ƙwaƙwalwar waya, kuma kamfanin na ɗaukar sakan 5 ko fiye a matsayin jinkirin da ya wuce kima. Na ɗumi iyakarsa sakan 2, na zafi kuwa sakan ɗaya da rabi. Tun kafin haka, Jakob Nielsen ya bayyana a littafinsa na 1993 cewa jiran da ya wuce sakan guda yana katse wa mutum zaren tunani, wanda ya kai sakan 10 kuma yana ɗauke hankalinsa zuwa wani abu dabam.

A nan ne Rano da Kibiya suka shigo. Manhajar da aka gina a harabar jami'a a birnin Kano akan gwada ta a kan wayar wanda ya gina ta, cikin ɗaki mai sanyi, da cikakken caji da intanet mai ƙarfi, kuma akan buɗe ta sau da yawa a jere, watau kusan kullum tashin zafi ake gani. Malamin firamare a Rurum ko Saji, ko ɗalibar sakandare a Tarai ko Durba, ba a wannan hali suke ba. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a su ne masu sauƙin kuɗi irin su Itel da Tecno, wasunsu a kan Android Go, wanda aka fitar a 2017 domin wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Irin wannan waya tana rufe manhajar da aka bari a baya da zarar an buɗe wata, don ta sami wurin aiki. Mai ita yakan kashe ta don tattalin batir, musamman idan sai an kai ta shagon mai caji. Ma'ajiyarta a cike take da fina-finai da wa'azi da waƙoƙin da aka tura. A tsakiyar bazara kuma, idan jikinta ya ɗau zafi, da kanta take rage gudun aikinta. Sakamakon duk wannan shi ne, tashin sanyi da mai gina manhaja ke gani jefi-jefi, shi ne abin da mutumin Kibiya ke gani kusan kowane lokaci.

Abin da ake tsoro ba ɓacin rai ba ne kawai. Malamin da ke tsaye gaban aji, yana shakkar ko kalma da ƙ ake rubuta ta ko da k, ba zai tsaya kallon allon waya yara suna hayaniya ba. Zai rubuta abin da ya fi zato, yara su kwafa. Bayan sau biyu ko uku ba zai sake buɗe ƙamus ɗin ba, kuma babu rahoton da zai nuna haka. A takarda dai an raba manhaja, an kuma sauke ta.

Ko an yarda a auna, akwai tarko biyu. Na farko shi ne dogaro da matsakaicin adadi. A ɗauka an gwada wayoyi goma, tara suka buɗe a sakan guda, ɗaya ta ɗauki sakan 11. Matsakaici zai ba da sakan 2, adadin da babu wayar da ta yi shi, wanda kuma ya shafe labarin ta goman gaba ɗaya. Dole rahoto ya nuna wutsiyar jerin, ya kuma faɗi samfurin kowace waya da garin da aka gwada ta, kamar yadda mai nazarin karin harshe ba ya kawo kalma sai ya faɗi inda ya ji ta. Tarko na biyu agogo ne. Agogon da ke fuskar waya yana iya tsalle gaba ko baya idan ya daidaita kansa da sabis, kuma inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa hakan na iya faruwa ana tsakiyar awo. Wanda ya dace shi ne agogon ciki mai ƙirga lokaci tun daga kunna wayar, wanda ba ya komawa baya.

Za a iya cewa wannan aikin masana kwamfuta ne, kowa ya tsaya a fagensa. Hujjar tana da ƙarfi, amma ta manta cewa wani ɓangare na jinkirin daga harshen kansa yake fitowa. A tsarin Unicode, lambobin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk suna bayan na z, saboda haka kwamfutar da aka bari da hankalinta za ta jefa ƙasa da ɗaki can ƙarshen ƙamus. Sai an rubuta mata ƙa'idar jeri ta musamman. Haka kuma yawancin masu bincike ba sa rubuta ƙugiya, don haka wanda ya rubuta kafa dole a nuna masa kafa da ƙafa, wanda ya rubuta bata a kawo masa ɓata. Wannan yana buƙatar fihirisa na biyu. Idan an gina shi tun a ofis aka haɗo shi da manhajar, waya ba ta da aiki sai buɗewa. Idan kuwa aka bar wa waya ta gina shi duk lokacin da ta tashi, ɗalibin Fassi ne zai biya da lokacinsa. Shawarar ko a loda sautin furuci tun farko, ko sai an nema, ita ma ta masanin harshe ce, kuma ba zai yanke ta da kyau ba in bai ga kundin lokutan ba.

Akwai kuma gyaran da ya rataya a wuyan masana Hausa su kaɗai. Harshen yana da wadata wajen raba yini, daga asuba da hantsi da walaha har zuwa almuru, amma a ƙasa da minti sai a koma ga ƙiftawar ido. Kalmar daƙiƙa da ake amfani da ita tana da ruɗani, domin a Larabci minti take nufi, a kafafen yaɗa labarai na Hausa kuwa galibi sakan, wani lokaci ma duka biyun a shafi guda. Rahoton da ya ce manhaja ta buɗe a daƙiƙa uku yana iya zama yabo ko kuma hukuncin kisa. Aikin keɓaɓɓun kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna cewa ana iya zama a tsayar da irin wannan magana, kuma kashi ɗaya cikin dubu na sakan, wanda da shi ake rubuta waɗannan kundaye, yana jiran a amince masa da suna.

Iyakar da ya kamata a kiyaye ita ce ta sirri. Kundin lokuta ya ƙunshi sunan gaɓa, da lokaci, da samfurin waya, ban da lambar mai ita ko kalmomin da ya nema, kuma kada a aika shi ko'ina sai da izininsa, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanada. Ba ya ma buƙatar data: ɗalibin da ya je aikin fili a Rano zai iya karɓar kundin hannu da hannu daga wayoyin malaman makaranta guda, a ranar da ya je naɗar hira da dattawan garin.