Ɗan kunnen matar maƙwabcinka ba rikazi ba ne



Sati biyu bayan Babbar Sallah, muna idar da La'asar, wani yaro ya biyo ni shago ya miƙo min ambulan, wai a sa a asusun gyaran masallaci. Na ce kuɗin mene ne? Ya ce humusi ne, Malam. Na ce humusin me? Ya ce na rikazi. Sai na jawo masa benci na ce zauna ka ba ni labari.

Ashe su huɗu ne suka yi karo-karo suka sayi na'urar nan mai gano ƙarfe, mai kama da sanda da faifai a ƙasanta. Washegarin Sallah da sassafe sai su nufi lambun gwamnati inda iyalanmu ke zuwa yawon Sallah, su bi ciyawa suna shara da ita, in ta yi ƙara su tona. Sun samo ɗan kunne, zobba biyu, guntun sarƙa da tsofaffin kwabbai. Wai wani malami ya ce musu duk abin da aka tono daga ƙasa rikazi ne, a fitar da kashi ɗaya cikin biyar, sauran halal. Na mayar masa da ambulan ɗinsa, kuma ina so jama'a su ji dalili, don na ji wasu na cewa na hana masallaci arziki.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san rikazi dukiya ce da mutanen jahiliyya suka binne, ba mai ita, ba magajinta. A cikinta ake fitar da humusi. To don Allah, wane bajahile ne ya binne ɗan kunnen Dubai a ƙarƙashin lilon yara a Ibadan? Ita kanta na'urar tana ƙaryata su. Ƙaramin abu irin zobe ba ta jin sa in ya wuce kamar taƙi ɗaya ko biyu a ƙasa, yawanci ma cikin ciyawa yake kwance. Abin da ke nan faɗuwa ya yi, ba binne shi aka yi ba, kuma jiya-jiya ya faɗi. Ai shi ya sa ba sa zuwa sai washegarin Sallah. Sun san ranar da mata ke fitowa da gwal ɗinsu.

Sunan wannan abu tsintuwa, kuma hukuncinta ba ɓoyayye ba ne. Ka lura da siffar abin, ka adana, ka yi cigiya shekara guda a inda ka tsinta da ƙofofin masallatai, ba tare da ka bayyana kamanninsa ba, don mai shi ya zo ya siffanta da bakinsa. In shekara ta cika ba wanda ya zo, ka riƙe ko ka yi sadaka da shi, amma ranar da mai shi ya ɓullo, biya na wuyanka. Abin da aka ɗauke wa cigiya shi ne wanda ba ya da wata daraja, wanda mai shi ba zai waiwaya nema ba. Gwal ba ya cikin wannan.

Mu da muke kasuwa mun san mene ne gwal a hannun mace. Shi ne bankinta. Na lefenta ne, ko gadon uwarta, ko adashen da ta yi shekara tana zubi. Ranar da miji ya kwanta asibiti ko aka koro yaro kan kuɗin makaranta, shi take kwancewa ta kai kasuwa. Sau nawa aka aiko min da cigiya in faɗa bayan sallar Juma'a? Wata ma har gida ya ɗauki zafi, ana zargin 'yar aiki, ana zargin kishiya, alhali abin yana aljihun ɗan maƙwabci yana lissafin humusi.

Ku kuma masu sayen gwal, da ku nake. Yaron da ba ya da mata ba ya da shago ya kawo maka ɗan kunne ƙwaya ɗaya da ƙasa a jikinsa, ka ɗora a sikeli ka biya rabin kuɗi ba ka tambayi komai ba. Ka san abin da kake yi, Alhaji.

Yaran sun ce a YouTube suka gani, Turawa na yi. Gaskiya ne suna yi, amma ba su kalli ƙarshen labarin ba. A Ingila akwai dokar 1996 da ta wajabta wa wanda ya tono tsohuwar dukiya ya sanar da hukuma cikin kwana 14. Mutumin da ya gano tarin gwal na Staffordshire a 2009 da izinin mai gona ya shiga, ya kai rahoto, aka yi wa kayan kuɗi sama da fam miliyan uku, gidajen tarihi suka saya, aka raba tsakaninsa da mai gonar. Ko can ɗin ba a tona a sa a aljihu a wuce.

Batun tsofaffin kwabbai ba na tsananta shi. Anini da ɗari da kwabo masu huda, waɗanda iyayenmu suka ci kasuwa da su kafin naira ta zo a 1973, wasu har da rubutun Larabci a jiki, ba mai zuwa cigiyarsu. Wanda ya tsinci ɗaya ya ajiye ya nuna wa 'ya'yansa, ni ma ina da sule biyu na mahaifina a akwati. Amma kada wani ya ce maka zai yi arziki da su, kuma su ma ba rikazi ba ne, na zamanin Turawa ne. In kuwa abin ya kai ga kayan tarihi na gaske, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono sai da izininta.

Sai abin da ya fi hana ni barci. Lambun nan na gwamnati ne, ba gonar kakanmu ba. Tun 1916 Sabo take nan, fiye da shekara ɗari, amma har gobe in yaro ɗaya ya yi laifi ba a cewa wane ya yi, sai a ce Hausawa sun yi. 'Yan uwanmu 'yan bola suna shan wannan kullum, duk murfin kwalbatin da ya ɓace su ake nunawa. Yanzu a kama samari huɗu da asuba suna haƙa ramuka a lambun gwamnati da wata na'ura mai waya da batir, me kuke zaton za a ce suna binnewa? Wa zai tsaya jin bayanin humusi? Wanda ya ga Shasha a Fabrairun 2021 ya san rigimar mutum biyu ta isa ta cinye kasuwa.

Yaron nan dai, Allah ya yi masa albarka, ya dawo bayan kwana uku da ɗan kunnen da zobe ɗaya. Ɗayan zoben da sarƙar an riga an sayar, muna magana da wanda ya saya. Abin da ya kawo yana hannuna a shago. Wadda ta yar da nata a lambu ranar Sallah ko washegari ta turo mijinta ko ɗanta ya faɗi kamanninsa da nauyinsa, in ɗan kunne ne a zo da ɗan uwansa. Za a ci gaba da cigiya duk Juma'a har Babbar Sallah mai zuwa, in Allah ya kai mu.