Ƙafafun Katafila: Araha Ba Ta Ado

Duk wanda ya ga katafila tana ture ƙasa wajen ginin hanya ko madatsar ruwa, ƙarfin injinta ne ke ɗaukar hankalinsa. Alhali kuwa nauyinta duka yana bisa waɗansu ƙananan ƙafafun ƙarfe da ke birgima a kan sarƙar da take tafiya da ita, waɗanda ake kira rola. An ƙiyasta cewa sassan nan na ƙarƙashi kan lashe kusan rabin kuɗin gyaran katafila.

Babban abokin gabar rola shi ne yashi. A ma'aunin tauri na Mohs, mai matakai 10, ƙwayar yashi tana mataki na 7, watau ta fi ƙarfen yau da kullum tauri, saboda haka kullum cikin kankare shi take. Ga kuma karo da duwatsu. Ƙarfe mai laushi zai cinye da wuri, mai tsananin tauri kuwa zai tsage kamar kasko.

Don haka injiniyoyi ke zaɓen ƙarfe mai sinadarin kabon kimanin kashi 0.4 cikin 100, da manganis kashi 1 zuwa 2, wani lokaci da ɗan boron. Bayan an ƙera rola, sai a gasa fuskarta zuwa kimanin digiri 850, a sanyaya ta nan take da ruwa, kana a sake ɗumama ta kaɗan. Ta haka bayanta ke yin tauri, cikinta kuma ya iya shanye duka. Hikimar nan ce maƙeri ke bi idan ya tsoma bakin gatari cikin ruwa yana ja zur.

Matsalar ita ce ido ba ya ganin wannan aiki. Rolar kirki da ta jabu duk fenti ɗaya suke sha. Wanda ya sayi mai araha, ko ya cike wadda ta cinye da sandar walda ta gama-gari, ba ya daɗewa sai ta lalace, ta ɓata sarƙa, aiki ya tsaya har damina ta riske shi.

Lalle ne ma'aikatu da 'yan kwangila su riƙa neman takardar da ke bayyana irin ƙarfen da zurfin taurinsa kafin su biya kuɗi. Malaman kimiyya kuma ya kamata su riƙa kai ɗalibai maƙera, domin can ne darasin nan ya fi saurin shiga.