Daga gidan Dantata zuwa alhazan Maraɗi: Me ke sa kasuwanci ya rayu bayan mai shi?

Lokacin da Alhaji Aminu Dantata ya rasu a ranar 28 ga Yunin 2025 yana da shekara 94, shekara 70 ke nan da rasuwar mahaifinsa Alhassan Dantata, amma har yau sunan gidan na nan a kasuwa. Aliko Dangote, tattaɓa-kunnen Alhassan ta wajen uwa, shi ne mai matatar man da ke iya tace ganga 650,000 a rana a Legas. Irin wannan ɗorewa ba ta da yawa a ƙasar Hausa. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne attajiri ya rasu, a raba gado, bayan ɗan lokaci a ga an rufe sito, an sayar da motoci, yaran gida sun watse.

Maganar ta shafi matasan Sarkin Yamma da ke gundumar Madarumfa a jihar Maraɗi kai tsaye. Daga cikinsu akwai masu noman rani a fadamar Gulbin Maraɗi, akwai masu fatauci tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, akwai kuma 'yan ci-rani da ke aiko da kuɗi daga Libiya da Aljeriya da Kano domin a buɗe musu shago ko a saya musu injin niƙa. Samun jari wahala ne. Kafa abin da zai ci gaba da aiki ko mai shi ba ya nan ya fi shi wahala.

Arzikin da ya jingina da iyaka

Alhazan Maraɗi sun fara tashe ne da gyaɗa tun zamanin Turawan Faransa, suna saye daga manoma suna kai wa kamfanoni. Bayan samun 'yancin kai gwamnatin Nijar ta kafa SONARA a 1962 domin ta riƙe cinikin gyaɗa, sannan farin 1973 da 1974 ya karya noman. Sai alhazan suka karkata ga fiton kaya zuwa Najeriya: atamfa da taba sigari da sauran hajojin da Najeriya ta hana shigowa da su ko ta ɗora musu haraji mai nauyi. Masanin nan ɗan Faransa Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, inda ya nuna cewa ƙarfin alhaji na cikin abin da Hausawa ke kira arzikin mutane, wato barori da yara da dillalan da ke yi masa aiki bisa amana.

Tsarin ya azurta mutane da dama, ya gina masallatai da gidaje, ya mayar da Maraɗi cibiyar kasuwancin Nijar. Sai dai yana da rauni iri biyu. Na farko, ribar na fitowa ne daga bambancin doka da na farashi tsakanin ƙasashe biyu, kuma wannan yana hannun gwamnatoci. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. A Mayun 2023 ta janye tallafin man fetur, abin da ya taɓa masu sayar da mai a kwalba a bakin titi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a Nijar, ya sake rufe iyakar har zuwa Maris ɗin 2024. Cikin shekara biyar, duk wanda abincinsa ke kan iyaka ya ga ana yanke masa hukunci daga Abuja ko Yamai ba tare da an tambaye shi ba.

Rauni na biyu yana cikin gida. A mafi yawan lokuta lissafi na kan mai gida ne. Shi ya san wanda ake bi bashi da wanda ke bin gidan, shi abokan ciniki suka yarda da shi. Ranar da ya kwanta dama, amanar na bin sa kabari.

Abin da gidan Dantata ya yi daban

Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da fataucin goro ya fara, tsakanin Kano da ƙasar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai ya shiga cikinta har ya zama babban mai saye. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa da raƙuma 20 suka ɗauko, a lokacin da yawancin attajirai ke binne kuɗi a ɗaka. Haja ta sauya daga goro zuwa gyaɗa, daga baya 'ya'yansa suka shiga gine-gine da sufuri da masana'antu, amma aikin gidan bai sauya ba: haɗa mai kaya da mai buƙata, da cika alkawari.

Ya kuma saka 'ya'yansa cikin aiki tun yana raye, ya bar musu kamfani mai suna Alhassan Dantata & Sons maimakon tarin kadarori kawai. Da ya rasu a 1955 Ahmadu ya karɓi ragama, da Ahmadu ya rasu a 1960 Aminu ya ɗora. Sau biyu cikin shekara biyar gidan ya sauya shugaba bai rushe ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma magajin da bai taɓa zama a sito ba ba zai koyi ciniki ranar sadakar bakwai ba.

Dangote ya ƙara mataki a kan wannan. Ya bar dogaro da shigo da siminti da sukari ya koma sarrafa su a gida, ya sa kamfanin simintinsa a kasuwar hannayen jari a 2010, abin da ya wajabta masa buɗe littattafansa ga masu bincike. Masu sukarsa na cewa kariyar gwamnati ta taimaka masa ƙwarai, kuma maganar na da tushe. Duk da haka, masana'anta mai ma'aikata da littattafai da hukumar daraktoci ta fi sito cike da kayan fito damar tsira idan doka ta juya.

Darasi ga mai ƙaramin jari

Ba sai mutum ya mallaki matata ba kafin ya amfana da wannan. Matashin da ke sayen zogale ko barkono a fadama ya busar ya ƙulla a leda, ko mai tatsar man gyaɗa, ko mai kiwon jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, yana biyan buƙatar da za ta kasance ko iyaka na buɗe ko tana rufe. Manufar kamfani ke nan a sauƙaƙe: amsar tambayar wa zai rasa wani abu idan aka rufe shi gobe. Idan amsar ita ce mai shi kaɗai, da wuya ya daɗe.

Sai rubutu. Ɗan ci-ranin da ke turo kuɗi ga ƙaninsa ba tare da an rubuta nawa ne jari, nawa ne na cefane ba, yana shuka rigimar da za ta ci shagon ta ci zumunci. Littafin lissafi da aljihu biyu, ɗaya na gida ɗaya na kasuwa, sun fi rantsuwa kare amana.

Batun gado ma yana da mafita. Shari'a ta ba kowane magaji rabonsa, amma ba ta ce lallai a yanka injin niƙa gida takwas ba. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda suka ba da damar yi wa kamfani rajista da hannayen jari. Idan an yi haka, magada kan gaji kaso a cikin kamfanin, su raba riba, injin kuma ya ci gaba da juyawa.

Akwai abin da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa. Satar shanu da garkuwa da mutane a ƙauyukan Madarumfa da ke bakin iyaka na korar jari, kuma ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta bar tambayoyi kan haraji da zirga-zirga. A ɗaya ɓangaren kuma, layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Katsina da Jibiya ya shigo jihar. Jirgin 1911 ya ɗaga waɗanda suka riga suka tanadi amintattun mutane da kayan da za su loda. Matasan Sarkin Yamma na da sauran lokacin tanadin nasu kafin wannan ya iso.